Gonar da Ƙasimu Ya Bar wa Wuta-wuta

Ina ɗiga wa keken ɗinki mai bayan sallar azahar Hambali direba ya shigo rumfata. Hambali mutum ne da ke fara gaisuwa tun daga bakin titi, amma ran nan sai da ya zauna a kan benci, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, sannan ya ce daga Zariya yake, Allah ya yi wa aminina Ƙasimu rasuwa da safe, ana tafe da gawarsa a baya. Na yi innalillahi. Ban san na ci gaba da matsa kwalbar man ba sai da na ga ya jiƙa wandon da ke kan keken. Na rufe rumfa, na nemi motar Gwaram.

A wajen zaman makoki manyan malamai sun zo daga jami'a sun faɗi abin da suka sani game da aikinsa. Ni abin da na sani shi ne mutumin, domin tabarma ɗaya muka kwana a kai muna yara. Shi zan faɗa.

An haifi Ƙasimu a Dingaya, cikin ƙasar Gwaram. Danginsa Fulanin gida ne, masu noma da 'yan shanu, Fulatancinsu ya ƙare sai na gaisuwa. Mahaifinsa, Malam Haladu, ya rasu tun Ƙasimu bai yi wayo ba, ƙanen mahaifin, Bappa Maikano, ya ɗauke shi ya riƙe kamar shi ya haife shi. Da aka zo neman yaran makarantar boko, Bappa bai yi dogon tunani ba ya miƙa shi, saboda a cewarsa yaron ba shi da rabo a kiwo. In an ba shi maruƙa, sai a tarar da shi tsugune yana tonon gindin ciyawa yana duba saiwa, maruƙan kuwa suna cikin geron mutane.

A makarantar kwana ta Birnin Kudu muka haɗu. Shekarar da aka sami mulkin kai muna ajin ƙarshe, aka raba mana 'yan tutoci muka yi maci a rana, Ƙasimu ya ɓatar da tasa tun kafin a isa fili, muka riƙa karɓa-karɓa da tawa don kada malami ya gani. Daga nan hanyarmu ta rabu amma ba mu rabu ba. Na kama ɗinki a bakin tasha. Shi ya wuce sakandare, ya yi makarantar aikin gona, ya dawo malamin gona yana zaga Wurno da Kwandiko a kan keke, buhun iri a baya. Duk ranar da ya ratso Birnin Kudu, rumfata ce masaukinsa. Daga baya ya tafi Zariya ya yi digiri, ya ƙara na biyu a kai, ya auri Barira 'yar Wurno.

Sai arzikin mai ya zo. Wanda bai ga shekarun nan ba zai ɗauka ƙari ake yi. Aka buɗe sababbin jami'o'i, ga gine-gine ba masu koyarwa, aka shiga neman 'yan ƙasa da za su yi digiri na uku, wanda ake ce wa digirin digirgir. Ƙasimu ya ce min a lokacin ba kai ke neman karatu ba, karatu ke nemanka. Mai son tarihi ga hanya, mai son harsuna ga hanya, haka mai ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da mai ciwon dabbobi, da mai lissafi, da mai injiniya. Gwamnati za ta ɗauki nauyinka shekara uku, ka zaɓi Ingila ko Amurka ko nan gida. Na tambaye shi me ya rage a littafi da bai karanta ba. Ya yi dariya ya ce wannan karatun ba na haddace abin da aka rubuta ba ne. Tambaya ɗaya za ka ɗauka wadda ba wanda ya amsa, ka bi ta har ka samo amsa, sannan manya su zaunar da kai su yi ta ƙoƙarin karya maganarka. In ta ƙi karyuwa, ka ci.

Abokan karatunsa suka sayi manyan riguna na sanyi suka hau jirgi. Shi ma an ba shi gurbi a waje, ya ce a'a. Tambayarsa a kan wuta-wuta take, ciyawar nan da wasu ke kira ƙuduji, mai manne wa saiwar dawa ta tsotse ta tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin ta ɓullo da furenta mai kyau kamar ba ita ta yi ɓarnar ba. Ya ce ba zai je ƙasar ƙanƙara neman abin da ya cinye gonar ubansa ba. Yana so ya san wace dawa ce ta fi jure mata, kaura ko farafara, kuma ko gyaɗa da wake da takin shanu suna rage ta, da kuma nawa suke ragewa. Yana faɗin haka ne kamar mai faɗin abin da ya riga ya faru. Ƙasimu bai taɓa shakkar kansa ba, kuma ba fahariya ba ce, haka Allah ya yi shi.

Gonar mahaifin nasa tana bakin hanyar da 'yan ƙauyuka ke bi zuwa kasuwar Gwaram. Ya yanka ta gida-gida kamar ramin dara, ya kafa turaku, ya ja igiya, kowane gida da guntun gwangwani mai lamba. Wani gidan ya sa taki, wani ya hana shi. Wani dawa zalla, wani da gyaɗa a tsakani. Wuta-wutar kuwa ba a cire ko ɗaya, don ita ake ƙirgawa. Damina uku yake buƙata a jere, daidai da shekarun da aka ɗauki nauyinsa. In ɗaya ta lalace, ba ta da madadi.

Daminar farko ta wuce lafiya, saboda kullum yana cikin gonar. Abin da bai lura da shi ba shi ne halin da Bappa yake ciki. Manomi a wajenmu gonarsa ce fuskarsa. Ga gonar marigayi a bakin hanya, rabinta ta yi rawaya, furen wuta-wuta ya rufe ta, ga ɗan da ake cewa ya fi kowa karatun noma yana tsugune a tsakiya yana kallo. Masu wucewa sukan rage tafiya. Bappa ya haɗiye. Shi kuma Ƙasimu iyakar abin da ya gaya masa shi ne gwaji yake yi, domin ɗa ba ya zaunar da ubansa ya yi masa darasi. Kunya ta hana wannan bayani, kunya ta hana wancan tambaya.

A damina ta biyu, daidai lokacin da ciyawar ta fara fure, aka kira shi Zariya ya yi bayanin aikinsa. Kafin ya tafi ya durƙusa gaban Bappa ya roƙi kada kowa ya wahalar da kansa a gonar nan, a bar ta yadda take. Bappa ya ce to. Amma a gidajenmu in yaro ya ce wa babba kada ya wahala, ladabi ne ya yi, kuma babban da ya san ya kamata sai ya yi abin ba tare da an roƙe shi ba. Ana cikin haka ranar kasuwa ta zo, wani mutumin Kwandiko ya ce a rumfar goro, Bappa yana ji, wai gonar Haladu ta yi ado kamar za a kai ta gidan miji. Aka yi dariya. Bappa ya koma gida bai ci tuwo ba. Washegari ya aika wa sarkin noma da goro, ya sayar da ɗan maraƙi, ya kira gayya.

Ni ban san da maganar ba. Ƙasimu ya sauka a Birnin Kudu, ya ɗauki babur ɗinsa da ya bari a wajena, ya ce in raka shi in ga yadda furen ya fito bana. Muna kusa da gari muka jiyo gangar noma. Ya waiwayo ya ce wani mai rabo ake yi wa gayya, bari mu tsaya mu sha kunu. Muka sha kwana, sai ya saki mai, babur ɗin ya gangara da kansa har ya tsaya.

Gonar ta yi fes. Samarin unguwa uku sun jeru suna ƙarasa kunyar ƙarshe, makaɗa na binsu suna kirari. An tsige wuta-wutar kaf, an tara ta a gefe an cinna mata wuta, hayaƙi na tashi. An tumɓuke turakun an ɗaure su dami guda, an naɗe igiyoyin da kyau, gwangwanayen lambar an zuba su cikin ƙwarya an rufe don kada su ɓace. Wuraren da ya hana wa taki da gangan, an yi musu jigilar takin shanu a kan jakuna, saboda an ga sun fi ko'ina ramewa.

Ƙasimu ya sauka ya tsaya. Ya zuba wa gonar ido. Aikin shekara ne ke hayaƙi a gabansa, kuma ba shekarar kaɗai ba, domin takin da aka zuba ya ɓata lissafin baɗi ma. Makaɗa suka hango shi suka juyo da kiɗan wajensa. Bappa ya taho daga tsakiyar gona, laka har gwiwa, tsoho yana tafe kamar saurayi, fuskarsa cike da haske. Mutane suka juyo suna jiran abin da ɗan boko zai ce.

Ya cire takalmi, ya durƙusa a tsakanin kunyoyin gonar, ya gaida Bappa da aiki. Ya ce Allah ya saka, Allah ya jiƙan wanda aka yi dominsa. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana godiya, ya yi wa makaɗa kyauta, ya sha kunu, ya ci goro. Ba wanda ya ga komai a fuskarsa.

Sai da muka keɓe a gindin tsamiya ya zauna ya dafe kai. Na ce masa ya yi haƙuri.

Ya ce, "Iliya, shekara ta tafi." Sannan ya ɗago. "Amma wuta-wuta ba ta gudu. Irinta yana nan cikin ƙasa, ko ni na mutu ba ta mutu ba."

Malamin da ke duba aikinsa a jami'a mutumin kirki ne, amma ya faɗa masa gaskiya. Damina ɗaya ta rage a cikin tallafin, ba a kuma yi alkawarin ƙari ba. Ya ba shi shawara ya kwashe aikin ya dawo gonar jami'a mai shingen waya da mai gadi, ko kuwa ya kewaye ta Dingaya da waya. Ƙasimu ya ƙi duka biyun. In ya kwashe, gari zai gane cewa gayyar ce ta kore shi, Bappa ya zama abin nuni a kasuwa har ƙarshen ransa. In ya ja waya, ya ce wa mutanen da suka yi masa gumi su ɓarayi ne. Ya gaya wa malamin a ba shi rani ɗaya ya yi tunani, kuma zai gama karatun nan ko da tallafi ko babu.

Da kaka ta wuce ya sayi goro, ya sa Bappa a gaba suka je wajen sarkin noma. Ya ce tun da an nuna masa gata irin wanda ba a taɓa nuna wa wani ba, ya zo da roƙon da ya fi wancan nauyi. Yana so kowane magidanci ya ara masa ɗan yanki a gonarsa, kamar faɗin ɗaki biyu, a shuka yadda zai nuna, a yi noma, amma kada a tsige wuta-wuta ko ɗaya har sai ya zo ya ƙirga. A wannan karon ya yi bayani, ba da sigar koyarwa ba, sai da sigar mai neman taimako. Ya ce maƙiyi ne yake so a bari ya fito fili a san yawansa. Dattawa suka yi ta dariya, suna cewa sun ga gayyar noma, sun ga ta girbi, yau ga gayyar ƙin aiki. Sarkin noma ya ce in dai zama ne aikin, shi ne na farko. Ƙasimu ya ƙara da cewa shi yana Zariya rabin lokaci, dole a sami babba mai faɗa a ji da zai tsare yankunan, kuma bai ga wanda ya fi Bappa ba.

Abin da Ƙasimu ya gane shi ne, ciyawa a gonar mutum ɗaya abin kunya ce, amma in tana gonar kowa ta zama aiki. Damina ta sauka, yankuna suka bazu daga Dingaya har Kwandiko, surukansa na Wurno ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Har mutumin nan na rumfar goro ya ba da nasa. Bappa ya ɗauki sanda yana zagayawa tun da hantsi. Ya taɓa korar wata tsohuwa da ta sunkuya za ta tsige fure ɗaya don tausayi, ta bi shi da zagi har bakin rijiya. Samari suka sa masa Sarkin Wuta-wuta, yana ji yana murmushi.

Wata rana ina tare da su, Ƙasimu na tsugune yana ƙirga, Bappa na tsaye a kansa ya dogara da sanda. Ya daɗe yana kallon turakun da igiyar. Ba tare da ya dubi ɗan nasa ba ya ce, "Ƙasimu, ashe bara ɓarna muka yi maka."

Ƙasimu bai ɗago ba. Ya ce, "An yi, Bappa."

"Kuma ka durƙusa ka yi godiya, ka ci goronmu."

"Goron ai ba shi da laifi."

Bappa ya yi wata irin dariya, ya goge ido da bakin rawaninsa. Ya tambaya ko abin zai gyaru. Ƙasimu ya ce ya riga ya gyaru, a da gona ɗaya gare shi, yanzu ba ya iya zaga gonakinsa a yini. Bappa ya ce to a ci gaba da ƙirga, surutu ya isa. Ba su sake tayar da maganar ba, kuma ba ta taɓa fita kasuwa ba.

Tallafin ya ƙare kamar yadda aka faɗa. Ƙasimu ya kama koyarwa da rani, da damina ya dawo gona. Barira ta koma Dingaya da yara ta zauna da Inna Hajjo, mahaifiyarsa, don a rage nauyin gida biyu, ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Abokansa suka dawo daga Turai da digirinsu da motocinsu, wasu har sun zama shugabannin sashe, shi yana nan a kan babur, ƙafar wando ɗaure da roba. In an yi masa jaje sai ya ce kowa da tambayarsa, tasa mai jiran ruwan sama ce. A shekarun nan duk sanda ya tsaya a rumfata, 'yan sakandare sukan kewaye shi, ya riƙa tambayar kowa abin da ke ba shi mamaki a duniya. Wanda ya ce zanen da ke jikin duwatsun garinmu, ya ce akwai fannin da ke binciken wannan. Wanda ya ce ciwon hantar tumaki, ya ce akwai. Wata 'yar maƙwabcina ta ce ita lissafi take so, ya je har gida ya yi magana da ubanta. Yakan ce musu ƙofar nan a buɗe take yanzu, kuma ba a san ranar da za a tura ta ba, kowa ya shiga da wuri.

Sai da ya ƙara damina biyu a kan ukun da aka ɗebar masa kafin ya rubuta littafin binciken. Malamai suka zaunar da shi tun safe har azahar, ɗaya daga wata jami'a aka ɗauko shi. Sun tambaye shi dalilin da ya sa babu sakamakon shekara ta biyu, ya ce musu an yi masa gayya, ya bayyana musu mece ce gayya. Maganarsa ta ƙi karyuwa. Aka ce ya ci, saura bikin ba da takarda bayan wata biyu.

Bai kai bikin ba. Ciwon shawara ne, kwanaki kaɗan ya yi a asibiti. Ya bar Barira da 'ya'ya huɗu, da Inna Hajjo, da Bappa wanda har yau ba ya iya ambaton sunansa. An binne shi a Dingaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Ganina da shi na ƙarshe, ya tsaya a rumfata a kan hanyarsa ta komawa Zariya, da shadda fara a ƙunshe cikin takarda. Ya ce babbar riga zan ɗinka wa Bappa, da ita zai je bikin, tsohon bai taɓa wuce Kano ba. Na ce ina awonsa. Ya ce in auna shi kansa in rage tsawo kaɗan, kafaɗarsu ɗaya. Ina awon na ga idonsa ya yi rawaya, na yi masa magana, ya ce gajiya ce, zai ga likita in ya isa. Na tambayi irin aikin da za a yi wa wuyan, ya ce kada in cika, Bappa ba zai sa abin da za a kalle shi ba, amma in yi masa aljihu mai zurfi. Ya ce ni ma in ɗinka tawa, tare za mu tafi, ya riga ya yi magana da Hambali a kan mota.

Ya hau babur, ya taka bai tashi ba, ya sake takawa. Ya dube ni ya ce, "Don Allah kada ka yi min alkawarin tela."

Na ce, "Kai da ka shekara biyar kana ƙirga ciyawa, ni za ka yi wa gorin jinkiri?"

Ya yi dariya har babur ɗin ya kusa mutuwa. Ya ce, "To, mun yi kunnen doki. Sai na dawo."